Cajin da Ya Tsaya a Tamanin

Kashi tamanin. Ya zare caja ya sake jonawa, ya gyara zaman tabarau, ya leƙa ƙasan allon. Tamanin ɗin dai, ko gezau.

Da kwamfutarsa ce da sauƙi. Ta matar ɗansa ce, shi kuwa a sace yake taɓa ta.

Magatakarda ne a wata ma'aikata, ya yi furfura a kan fayil da biro. Kwatsam sabon shugaba ya zo ya ce ƙarshen wata za a gwada kowa a kan kwamfuta, wanda ya kasa ya ba yara wuri. Ranar da ya kawo labarin gida, matar ɗan nasa tana kwashe kwanuka, ta ce a hankali, “Baba, ko da za a...”

Bai bari ta ƙarasa ba. “Haba ’yar nan, ai tun ba a haife ku ba muke danne-dannen nan.”

Ta ce to, ta sunkuyar da kai. Alhali shi ko kunna kwamfuta bai iya ba.

Ɗan nasa yana wani gari wurin aiki, shi kuma dattijon, tasa matar sai magariba take rufe shago. Surukar ma'aikaciyar jinya ce, aikin yamma take yi, tana fita kafin ya dawo. Wata rana ya shigo ya tarar da kwamfutarta a kan teburin falo, caja a naɗe a gefe. Sakacin yaran zamani, in ji shi a ransa. Ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa. Daga baya ya ɗaga murfin.

Ba ta nemi kalmar sirri ba. Haruffanta manya-manya, ko ba tabarau ana karantawa. A tsakiyar allon ga wata manhaja ta koyon buga rubutu.

Daga ranar ya zama ɓarawo a gidansa. Ya fara da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba, har sauran suka saki jiki. Shi ba mai leƙen asirin mutane ba ne, bai ma taɓa cin karo da hoto ko wata takarda tata ba. In ya gama sai ya goge madannai da bakin riga, ya mayar da komai yadda ya same shi. Don kada ta ga caji ya ragu, a jone yake barin ta tun daga zama har tashi, sai ta cika ɗari cif.

Yau ga shi ta ƙi.

Ya sauya soket. Ya hura ramin caja har ya ga jiri. Ya kashe ya kunna. A ofis ya tambayi wani abokin aiki, wai kwamfutar maƙwabcinsa ce ke ciwo. Aka ce a bar batirin ya mutu gaba ɗaya sannan a jona. Ya yi. Ta hau, ta hau, zuciyarsa na hawa tare da ita, da ta kai tamanin ta ja burki.

Da safe surukar ta zo gaishe shi, ya amsa yana kallon takalminsa. Me zai ce? Ya lalata mata kaya a ɓoye, bayan duk cika bakin da ya yi? Ya hango ɗansa yana jin zancen a waya, yana cewa ba komai Baba. Wannan “ba komai” ɗin ta fi mari ciwo.

Washegari da ya dawo ya tarar ta fita, ya cusa kwamfutar a jakar ofis, ya tsallake masu gyaran unguwa kaf, ya tafi can inda ba a san fuskarsa ba.

Shagon ƙarami ne, sai warin dalma da ƙurar fanka, gawarwakin kwamfutoci jibge har rufi. Mai gyaran ya gwada cajar da na'urarsa, ya ce lafiyarta ƙalau. Ya duba lafiyar batirin, ya ɗaga gira.

“Yallaɓai, tun yaushe ta fara?”

“Kwanan nan.” Ya rage murya. “Malam, ka rufa mini asiri. Ta matar ɗana ce, ba ta san ina taɓawa ba. In sabon batir ne ka sa, in dai za ta koma yadda take kafin ta dawo daga aiki.”

Mai gyaran ya jawo kwamfutar gabansa. Ya shiga nan ya fita can, ya tsaya ya ƙura wa allon ido.

“Batirin nan ba abin da ya same shi. Iyaka aka sa masa da gangan, kada ya wuce tamanin. Ana yi wa kwamfutar da ake yawan bari a jone, don batirin ya daɗe.”

“Ni ban sa ba. Ban ma san inda ake sawa ba.”

“Na sani.” Mai gyaran ya sosa ƙeya, kamar shi ne kunyar ta kama. “Yallaɓai, ɗaki biyu ne a cikin kwamfutar nan. Na mai ita yana kulle da kalmar sirri, ba ka taɓa shigarsa ba. Wanda kake shiga daban aka buɗe shi, aka ƙara girman haruffa, aka zuba darussa.”

Ya juyo masa da allon, ya ɗora yatsa a kan sunan da aka raɗa wa ɗakin na biyu.

An rubuta: Na Baba.