Igiyar Baya

Sai da ya zura sulken sannan ya gane wautarsa: igiyoyin ɗaurewa a baya ya sa su.

Da kwali da soso ya haɗa shi, karambaninsa na farko, don ɗansa da ke wurin uwarsa tun rabuwarsu ya roƙa a waya: "Baba, ranar bikin makarantarmu ka zo da kayan jarumin fim."

Ya kai hannu baya, kafaɗa ta ce ba da ita ba.

"Zo ki ɗaure min," ya ce, bisa sabo. Fanka kaɗai ke motsi a ɗakin.

Haka ya tafi, singileti na shan iska.

"Baba, juya abokaina su gani!"

"Jarumi ba ya juya baya," ya ce, ya ƙara mannewa da bango.