Tela da Ragowar Maganin Ido

Wani tela ne, gwanin kaftani. Saura kwana tara Sallah, shaddar mutane ta cika masa shago har bakin ƙofa, sai ya wayi gari idonsa na dama ya yi ja yana kwantsa. Asibitin unguwa ba nisa, amma akwai layi, shi kuwa a ganinsa zaman layin nan kaftani biyu ne. Sai ya jawo durowar keke, ya tona cikin maɓallai da karyayyun allurai, ya zaro 'yar kwalbar maganin ɗigawa da aka ba shi shekara biyu baya. Maƙwabcinsa mai guga ya ce, "Maigida, duba kwanan watan jikinta mana." Ina! Ya ɗaga ta a rana, ruwa garau. Ya sunsuna, babu wari. Ya ce, "Magani tuwo ne da zai yi tsami?" Ka ji mutum fa! Shi da ko zare ya daɗe a ajiye sai ya fizge shi ya ga bai ruɓe ba kafin ya ɗora a keke, amma ga maganar idonsa, hanci ya sa ya yi masa alƙalanci. Ya ɗiga. Ɗaya idon ma da ke zaman lafiyarsa ya ɗiga masa, wai rigakafi.

Kwana uku, idanu biyun suka kumbura suntum. Kada ma a yi maganar kafar allura, almakashi sai da lalube. Mai gugan ne ya riƙe masa hannu zuwa layin da ya guda. Malamar asibiti ta juya kwalbar ta ce, "Baba, irin wannan in an buɗe shi, wata guda ne iyakarsa. Ƙwaya in ta tsufa ƙarfinta ke raguwa. Wannan kuwa cuta ce ta yi gida a ciki, kai kuma kana ta zuba ta safe da yamma." Allah ya tsare idon, amma sai da ya yi mako uku bai taka keke ba. Yana zaune da baƙin tabarau yana jin masu kaya suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, a yi masa sannu, a ɗauki shadda ko yanka ta ba a yi ba, a tsallaka titi wajen wani telan. Wasunsu can suka zauna har yau.

Rabin yini ya hana, ya ba da Sallar sukutum. Gaskiyar Hausawa da suka ce sauri ya haifi nawa.