Wa Zai Karanta wa Tohti Yasin?

Kwana biyu ke nan Tohti yana kan gargara, roƙonsa ɗaya: "Zorigul, nemo mini mai karanta Yasin."

A ina matar tasa za ta samo? Liman yana kurkuku. Ɗansu Ablikim ma yana can, tun ranar da aka kama karatun Alƙur'ani a wayarsa. Waɗanda suka rage a unguwar tasu ta garin Hotan, inda karatun kan kai mutum kurkuku, ko sun manta, ko sun ce sun manta.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dilshat ne, ɗan sandan da ya tafi da Ablikim. Zorigul ta yi saurin tarar sa.

"Yallaɓai, ba mu yi komai ba. Tsohon ne ba lafiya."

"Maƙwabta sun kai mana rahoton abin da yake nema, Inna."

Ya tura ƙofa, ya kashe wayarsa, ya durƙusa a gefen shimfiɗa. Ya ja surar tun daga farko har ƙarshe, babu tuntuɓe. Tohti ya yi murmushi, ido a rufe. "Ablikim, ka dawo?" Daga nan ya cika.

Zorigul ta share hawaye. "Ɗan nan, a ina ka koya? Har jan muryar irin na ɗana ne."

"A wayarsa, Inna. Na yi ta saurare har na haddace, kafin in kai shaidar da ta ɗaure shi."

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba.

"Maƙwabta sun ji karatu. Gobe ni za a turo in tambaye ki wanda ya yi."