Dutsen Tsoho Mai Takobi

Tun ba su yi nisa a kan matakalar dutsen ba Kuo-liang ya fara haki. Pei-shan kuwa tana gaba da kwandon lemo a hannu, tana tafiya kamar a tsakar gida.

A nan birnin Taibei kowa ya san dokar wannan dutse. Tsoho Mai Takobi, wanda ake bauta wa a haikalin da ke can ƙoli, an ce ya taɓa neman wata mace ta ƙi shi. Tun daga nan ba ya ƙaunar ganin saurayi da budurwa a gabansa tare. Mata da miji su hau abinsu lafiya lau. Amma waɗanda ba a ɗaura wa aure ba, in suka hau tare, to rabuwa ce ƙarshensu. Kuo-liang ya san haka sarai. Abin da ya sa ya kawo ta ke nan.

An riga an yi baikonsu, an raba wa dangi kek ɗin baiko, kowa ya cinye nasa ya sa albarka. Sai abokan aikinsa suka sa shi gaba. Mahaifinta manomin abarba ne a kudu, don haka da ya shigo ofis sai a ce, "Ga angon abarba nan!" Tun yana dariya har abin ya fara cin sa, ya ji auren ya fita daga ransa. To amma da wane baki zai gaya wa mahaifiyarsa ya fasa? Sai ya ga gara Tsoho ya yi masa aikin, shi ya tsira da mutuncinsa. 'Yar kudu, ina za ta san dokar dutsen arewa? Danginta ya gan su ranar baiko, duk mutanen gona ne, in ban da kakarta ta wajen uwa da aka ce ciwon gwiwa ya hana ta saukowa.

Ranar da ya ce zai kai ta ta ga gari daga sama, ya faɗi sunan dutsen, ta daɗe tana kallon kofin shayinta. Sannan ta ce, "To."

Da suka isa inda hanya ta rabu biyu a cikin gora, yana neman allon kwatance, ita har ta bi ta hagu.

"Yi a hankali, A-liang, matakalar gaba tana da santsi," in ji ta. "Ku 'yan birni, ƙafafunku na hawa lifta ne kawai."

Ta miƙo masa hannu. A nan ya lura yatsarta babu zoben baiko.

"Na cire shi," ta ce. "Yana aljihu."

Ta ba shi ruwanta, domin nasa ya ƙare. Ta karɓi rigarsa ta sama ta haɗa da kwandon. Da gumi ya shiga idonsa, ta goge masa da hankicinta ba tare da ta dube shi ba. Duk taku ɗaya sai ya ji nauyi ya ƙaru a ƙirjinsa, kuma ba na hawan ba ne. Ya buɗe baki zai ce su koma, kunya ta rufe shi, domin in ya ce su koma dole ya faɗi dalili.

A ƙoli, iska ta buɗe. Ga garin nan shimfiɗe a ƙasa, kogi yana walƙiya, dogayen benaye sun zama kamar tsinken ashana. Ya nemi ofishinsu a cikinsu bai gan shi ba. Ya juyo ya dubi Pei-shan, wani tsohon kare na haikalin yana ta kaɗa mata jela yana goga kai a ƙafarta, sai ya san ba ya son rasa ta.

Ta jera lemon a teburin hadaya ta fita. Shi kuma ya durƙusa cikin hayaƙin turare, ya ɗauki katakon nan biyu masu kamar jinjirin wata da ake tambayar Tsoho da su. Ya jefa. Suka faɗi duka a rigingine, wato Tsoho dariya yake yi masa. Ya kai goshi ƙasa, ya faɗi duk abin da ya ƙulla cikin raɗa, ya roƙi a bar masa ita. Ya sake jefawa. Ɗaya a kife, ɗaya a rigingine. An amsa.

Ya fito jikinsa sakayau. Tsoho ya yafe, ita kuwa ba za ta taɓa sani ba.

Ya same ta a rumfar wata tsohuwa mai sayar da turare, wadda ta miƙe ƙafafu a kan ɗan benci saboda ciwon gwiwa. Tsohuwar tana riƙe da hannuwan Pei-shan, zoben yana ajiye tsakanin ɗaurin turare. Ta ɗago ta ƙare masa kallo, sannan ta mai da ido kan yarinyar.

"Shi ne wannan, jikalle? Ke da na goya a gindin Tsoho, wadda ta fi kowa sanin abin da ke sa namiji ya kawo budurwarsa nan, har da ɗauko masa riga?"