Notin da Ya Ƙi Kwancewa

Tun da aka hana motocin fetur, Malam Barau bakanike ya koma aiki a gidan tarihi. Kullum yana kwance ƙarƙashin wata jar motar tsere, yana fama da notin salansa da ya cije, 'yan kallo suna bayan gilashi.

Ranar da matarsa Delu ta zo kallo, ya ƙudurta nuna mata cewa da sauransa. Ya jiƙa notin da kananzir, ya bubbuga da guduma, ya danna sifana har tafin hannunsa ya fashe. Notin bai motsa ba.

Ya fito yana haki, ya ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, a ba ni wuta in gasa shi. Yau zai fita."

Manaja ya yi dariya. "Haba Baba, ai walda muka yi masa ta ciki. Wahalar ake zuwa gani. Yaran yanzu ba su taɓa ganin mutum yana gumi ba."

Ashe lasifikar ɗakin a kunne take. Barau ya waiga. Jama'a suna ta tafa masa, Delu kuwa ta ja mayafi ta rufe fuskarta.