Muryar Aro

Kiɗan fim ɗin na tashi, tsohon mai fassarar fina-finai ya gyara zama. Kiɗan jarumin nan ne mai tashi sama, wanda ya daɗe yana ara wa murya kafin ciwon maƙogwaro ya tafi da ita.

Autarsa ba ta taɓa jin maganarsa ba sai a tsofaffin faya-fayan, har ta haddace su kaf. Tun da aka ce jarumin zai dawo a sabon fim take rawar ƙafa.

Jarumin ya sauko, ya buɗe baki, sai ga muryar wani baƙo.

Ta juyo, ido ya cika da ƙwalla.

"Baba, ni na ɗauka yau za ka faɗa min sabon abu."