Garin Su Baba Zali

Baba Zali da cokali yake cin tuwo. Wannan ne rahoton farko da Inna Yalwa ta kai wa yayanta Alhaji Muttaka, ranar da ya tura ta binciken asalin yarinyar da jikansa Hatim ya nace sai ya aura.

Ita yarinyar, Mujahida, ba a same ta da aibi ba. Kakanta, Baba Zali, shi ne matsalar. Alhaji Muttaka mai shagon turare ne a unguwar Utaibiyya ta Makka, iyayensa ta Sudan suka iso Makka, kuma yana iya jero maka kakanninsa har ka fara hamma. Ya ce ba zai haɗa jini da gidan da ba a san mafarinsa ba.

Yalwa ta ja mayafi ta shiga unguwa. Kanawa suka ce ai wannan Hausar tasa ta Sakkwatawa ce. Sakkwatawa suka ce Allah ya kiyaye, ta mutanen Damagaram ce. Mutanen Damagaram suka tura ta wajen 'yan Cadi, su kuma suka ce sun ɗauka ɗan Sudan ne, wato dangin Yalwar kanta. Ta dawo gida ƙafafu a kumbure.

Abu ɗaya kowa ya yarda da shi: aikin hajji ya zo ya zauna, kamar rabin unguwar. Wata dattijuwa mai sayar da kunu ce ta tsince shi a Mina bayan an watse, dogon saurayi baƙi, ba jaka ba takarda. A Utaibiyya kuwa baƙin mutum marar takarda ba a tambayarsa, ɗan gida ne. Ya daɗe ba ya magana sai da hannu, aka ce zafin rana ne ya taɓa shi. Da bakinsa ya buɗe, dattijuwar ta aura masa 'yarta.

Sauran abin da Yalwa ta kwaso duk na dariya ne. Ba ya zama sai bayansa na jingine da bango. Tafiya yake kai a ƙasa kamar wanda allurarsa ta faɗi. In jirgi mai saukar ungulu ya gifta lokacin hajji, sai ka ga tsohon ya durƙusa yana gyara takalmin da bai ɓaci ba. Kuma kowace shekara yana yawo a masaukan alhazan Asiya a Aziziyya yana leƙa fuskokin tsofaffi, wai neman dako, alhali ko jakar hannu ba ya iya ɗagawa yanzu.

Abin da ya fi ba Alhaji Muttaka haushi shi ne mutumin ba shi da ra'ayi. A majalisar shayi ta bayan la'asar akwai tsohuwar gardama tsakanin Muttaka da amininsa Malam Sabi'u, wadda suka ɗauko daga rediyo tun suna samari: yaƙin Biyetnam. Muttaka ya ce Amurka ta yi daidai da ta je ta taka wa 'yan kwaminis birki, mutanen da suka ce babu Allah. Sabi'u ya ce me ya kai ta gonar wasu, har tana ƙona ƙauyukan manoman shinkafa? Masu yaƙin sun ajiye makamai tuntuni, waɗannan biyun ba su ajiye ba. Da zarar an fara, Baba Zali zai ɗauki takalminsa ya bar shayinsa da zafi.

"Ku ƙyale shi," Muttaka kan ce. "Shi a tunaninsa Biyetnam wani kwari ne a bayan Mina."

Hatim ya rame, Mujahida ta daina fitowa. Da surutu ya yi yawa, Muttaka ya yanke hukunci a gaban majalisa. A kawo masa mutum ɗaya da ya san Zali tun yana saurayi. In ya yi masa shaidar alheri, washegari a sa rana. In alhazan bana suka watse ba a kawo ba, shi ke nan, kowa ya nemi daidai da shi.

Mujahida ta durƙusa gaban kakanta tana hawaye, don tsoro ya kama ta da gaske. "Kaka, ka faɗa musu sunan garin kawai."

"Sunan gari ba shaida ba ne, 'yar nan," in ji shi. "An yi sa'a, bana na ga mutumina."

Ranar alkawari Yalwa ta tuƙa tuwo da miyar kuka, tana lissafin ko daga Kano baƙon yake ko Damagaram. Sai ga Baba Zali riƙe da hannun wani gajeren tsoho fari, mai siririn gemu da ƙananan idanu, ya ɗaura zane a ƙugu. Baƙon ya yi sallama da Larabci mai karyayyen harshe. Aka ba shi tuwo, shi ma ya nemi cokali.

Muttaka ya gyara zama ya tambaye shi da Larabci ko ya san Zali tun da can.

"Wuni ɗaya na san shi," in ji baƙon, "amma ya ishe ni shaida har gaban Allah."

"Tayyib. A wane gari?"

Baba Zali ya sunkuyar da kai. Wannan karon bai taɓa takalminsa ba.

"A ƙauyenmu na musulmi, can Biyetnam," in ji baƙon. "Shi ne sojan Amurkan da aka umarta ya cinna wa masallacinmu wuta muna ciki, sai ya ƙi, ya ajiye bindigarsa a bakin ƙofa ya cire takalmi."